Toka, ɓaraguzai ko leda: wanne ya cancanci shiga kwaɓin kankare?

Duk wanda ya taɓa aza harsashin gini ya san inda kuɗi ke zurarewa: siminti, rodi, sai tifar yashi da ta tsakuwa. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a garuruwa da yawa a farkon 2024, maganar a rage shi a cike da wani abu ta tashi daga hirar 'yan jami'a ta shigo wurin aiki. Yanzu za ka ji mai gidan bulo yana cigiyar tokar ɓuntun shinkafa, ka ga matasa suna narka ledar fiya wata suna buga intalok, wani kuma ya rantse maka ɓaraguzan tsohon gini sun isa su tsaya a madadin tsakuwa. Ana tattara su duka a ce shara ce mai amfani, sai ka ɗauka aikinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi musu kuɗin goro zai yi asara, in ma abin ya tsaya a kan kuɗi.

Tambayar farko game da kowace shara ita ce gurbin wa za ta shiga. Kankare abu huɗu ne: siminti, yashi, tsakuwa, ruwa. Yashi da tsakuwa su ne gangar jikin, suna kai kashi 60 zuwa 75 cikin ɗari na abin da aka zuba. Siminti bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba, amma shi ke cin kuɗi, shi ne kuma mai hayaƙi. A masana'antu irin na Obajana da Kalambaina da Ashaka da Malbaza ta Nijar, ana gasa farin dutse da yumɓu a zafin da ya kai digiri 1,450 har su dunƙule su zama abin da ake kira kilinka, sannan a niƙa. Kowane tan na kilinka yana sakin iskar kabon da ta haura kilo 800, kuma fiye da rabinta daga jikin dutsen take fita, ba daga wutar gashin ba. Shi ya sa siminti kaɗai ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. To sharar da ta rage siminti ta sauƙaƙa wa aljihu, ta kuma rage hayaƙi. Wadda ta rage tsakuwa ko yashi ta rage kuɗin tifa da fasa duwatsu da yashe koguna, amma hayaƙin yana nan kusan yadda yake. A riƙe wannan bambanci, don a kansa sauran zancen ya hau.

Tokar ɓuntun shinkafa

Ita ce ta fi duka alkawari a ƙasarmu, ita ce kuma ta fi saurin yaudarar mai gaggawa. Bahaushe in ya ce tubalin toka, abin da ba zai je ko'ina ba yake nufi, kuma a kan tokar murhu ya yi gaskiya. Ta ɓuntu daban take. Shinkafa tana zuƙar sinadarin silika daga ƙasa ta tara a ɓawonta, in aka ƙona ɓawon da kyau, kashi 85 zuwa sama da 90 cikin ɗari na tokar silika ce. Shi kuwa siminti, idan ya sha ruwa ya fara kamawa, yana barin wani ragowar sinadari mai suna laim a cikin kankaren, wanda ba ya ƙara ƙarfin kirki, ruwa ma yana iya wanke shi. Silikar tokar sai ta kama wannan laim su zama sabon manne, ya toshe ƙananan ƙofofin da ruwa da gishiri ke bi su kai ga rodi. Dabarar tsohuwa ce. Rumawa sun yi ta da tokar dutse mai aman wuta daga yankin Pozzuoli, ga ƙubbar Pantheon can a birnin Rum tana tsaye kusan shekara 1,900. Wanda ya fito da ta ɓuntun shinkafa fili a zamaninmu shi ne Farfesa P. K. Mehta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a shekarun 1970.

Sai dai sharaɗinta yana da tsauri, kuma a nan mafi yawan masu gwaji ke faɗuwa. Dole wutar ta tsaya tsakanin digiri 500 da 700, iska na shiga sosai, a ba ta lokaci. In zafi ya haura 800 ya daɗe, silikar sai ta daskare ta zama ƙwayoyi masu tauri waɗanda ba sa haɗuwa da komai, wato ka sha wahala ka samo yashi mai laushi. In kuma iska ta yi ƙaranci, gawayi ne zai rage, baƙi, mai shan ruwa, mai raunana kwaɓi.

Je ka bayan injinan casa a Kura ko Argungu ko Haɗeja, inda tsibin ɓuntu ke cin wuta a hankali kwana da kwanaki, ka sa shebur ka yanka tsibin daga sama zuwa ƙasa. Na waje baƙi ne, ƙwayar ɓuntun tana nan da siffarta, tana ɓata hannu. Ka ƙara shiga za ka tarar da mai ruwan toka zuwa fari-fari, wadda in ka murza tsakanin yatsu take narkewa ta zama gari. Can tsakiya, inda zafi ya taru, wani lokaci za ka ga ta yi ja-ja, tana ƙaras-ƙaras a hannu. Ta tsakanin nan ita ake nema, kuma a tsibi ɗaya an cakuɗa ta da sauran biyun. Launin ma alama ce kawai, farar toka tana iya zama wadda ta wuce wuta. Tokar da ke fitowa daga tukunyar tururi ta manyan kamfanonin gumi kuwa yawanci baƙa ce, ta yau daban ta gobe daban, don su zafi suke nema, ba toka ba.

Bayan ƙuna sai niƙa. Tilas ta yi laushin siminti ko ta fi shi, kuma turmi da rariya ba za su kai ta nan ba, sai injin niƙa mai ƙwallayen ƙarfe. Sannan awo: a cire kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na siminti a sa toka, kada a wuce 20, kuma da sikeli, ba da kwanon sarki ba, domin toka ta fi siminti rashin nauyi nesa ba kusa ba. Sannan ruwa. Tokar nan cike take da ƙofofi, tana shanye ruwan kwaɓi nan take, kafin ka ankara lebura ya ɗago ya ce, "Oga, kwaɓin nan ya yi tauri, a ƙaro ruwa." In aka biye masa, duk ribar ta tafi, don babu abin da ke kashe ƙarfin kankare kamar yawan ruwa. Maganin shi ne sinadarin sassauta kwaɓi da ake sayarwa a jarka, wanda shi ma kuɗi ne. Daga ƙarshe ban ruwa: aikin tokar a hankali yake tafiya, yana buƙatar danshi. Kankaren da aka shayar kwana uku aka bar wa iskar hunturu ko ranar bazara, tokar da ke cikinsa ba ta yi komai ba. Sati biyu a jiƙe, an rufe da buhunan algarara ko leda, shi ne daidai.

Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba. Simintin buhu da ke kasuwarmu yawancinsa an riga an sirka shi da garin farin dutse tun daga masana'anta. Wanda aka rubuta wa A-L yana ɗauke da kashi 6 zuwa 20, mai B-L kuma 21 zuwa 35. Toka tana rayuwa ne da laim ɗin da kilinka ke bayarwa, in kilinkar ta riga ta yi kaɗan, sirki ne a kan sirki. Don haka wanda zai gwada, ya karanta jikin buhu, ya nemi mai lamba 42.5, ya bar mai 32.5 yadda yake.

Yanzu lissafi. Tan ɗaya na shanshera yana ba da ɓuntu wajen kilo 200, shi kuma ya ba da toka wajen kilo 40. Aikin da zai ci buhu 100 na siminti, in kana son ka rage buhu 10, kana buƙatar toka kilo 500, wato ɓuntu tan biyu da rabi, wanda sai an cashe shanshera tan goma sha biyu da rabi kafin a same shi. Ɓuntu ba shi da nauyi amma yana da cika ido, sai an yi sawu a mota. Ga shi ya daina zama kyauta a wurare da dama, masu kaji na ɗiba, masu curin gawayi na ɗiba, injinan gumi na ƙona nasu. Mai gina gida ɗaya, in ya haɗa kuɗin ɗauko, ginin tanda, niƙa da gwaji, zai tarar buhu goman sun fi masa araha a shago. Amma mai gidan bulo ko intalok da ke kusa da injin casa, yana shan buhu ɗaruruwa a wata, shi wannan harka tasa ce. Zai gina tanda sau ɗaya, ya koyi wutarta, ya samu toka iri ɗaya kullum. A ganina babbar damar da ke kwance a yankunan shinkafa ke nan: wani ya mayar da ƙona toka da niƙa ta sana'a, ya sayar da ita a buhu da shaidar gwaji, ba kowa ya ƙona tasa a bayan gida ba.

Sauran tokokin gona ba sai an daɗe a kansu ba. Ɗakunan karatu na jami'o'in Zariya da Kano da Bauchi da Minna cike suke da kundayen ɗalibai a kan tokar ɓawon gyaɗa, totuwar masara, garin katako da sauransu. Yawancinsu silikarsu ba ta kai ta shinkafa ba, kuma suna da kaifin nan da ke sa a tace ruwan toka a yi miya, wanda kankare ba ya so. Mai bi wa ta shinkafa ita ce tokar tuƙar rake, ga wanda ke kusa da kamfanin sukari irin na Numan.

Waɗanda duniya ta fi dogaro da su, mu ba mu da su

In ka karanta rubuce-rubucen ƙasashen waje a kan wannan batu, abu biyu za ka fi gani: tokar kwal daga tashoshin lantarki, da kashin maƙera na manyan tandun narka tama. Sun cancanci sunansu. Tokar kwal tana maye kashi 15 zuwa 30 na siminti, ƙwayoyinta mulmulallu ne, don haka maimakon ta sha ruwa sai ta sa kwaɓi ya yi santsi. Da ita aka zuba madatsar Hungry Horse a Amurka wajen 1950, tana kuma cikin kankaren Burj Khalifa na Dubai. Niƙaƙƙen kashin maƙera yana maye rabin siminti, har fiye. Matsalar ita ce Najeriya ba ta da babbar tashar kwal mai aiki, tandar Ajaokuta kuwa tun da aka aza harsashin kamfanin wajen 1980 ba ta taɓa narka tama ba. Nijar tana da tokar tashar SONICHAR kusa da Cirozerin, amma jigilarta daga can zuwa Maraɗi ko Damagaram ta cinye ribar.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kashin da ke fitowa daga kamfanonin da ke narka ƙarafan jari-bola su yi rodi ba irin wancan ba ne. Yana iya ɗauke da laim ɗin da bai sha ruwa ba, wanda zai kumbura bayan watanni ya tsaga kankare daga ciki. Sai an bar shi a fili ruwa ya dake shi na tsawon watanni, kuma ko a haka ƙarƙashin titi ya fi dacewa da shi.

Abin da ya fi kusa da mu a wannan layi shi ne gasasshen yumɓu. Haɗin da ake kira LC3, wanda masu bincike na Lozan a Suwizalan suka haɓaka da abokan aikinsu na Kyuba da Indiya, rabinsa ne kawai kilinka, kashi 30 gasasshen yumɓu, 15 farin dutse, 5 jifsam (sinadarin da ake yin POP da shi), yana rage hayaƙi har kusan kashi 40. Wannan aikin masana'anta ne, mai gini sai dai ya saye shi a buhu in ya iso kasuwarsa. Ƙaramin ɗan'uwansa shi ne fasasshen jan bulo da aka niƙa ya yi laushi, wanda magina a Indiya suka daɗe suna haɗawa da laim.

Ɓaraguzai

In toka ta masu sana'a ce, ɓaraguzai na kowa ne, kuma su ne zan ce a fara da su. Ba sa buƙatar tanda ko sinadari, sai guduma da rariyar ƙarfe da ido. Jamusawa sun sake gina biranensu da su bayan Yaƙin Duniya na Biyu, birnin Zurik kuma ya shafe shekaru yana zuba gine-ginen hukuma da kankaren da aka sake fasawa. Mu a nan, lokacin rusau na Kano a watan Yunin 2023, kowa ya ga yadda aka yi wawar rodi da ƙofofi da kwanon rufi cikin sa'o'i. Kankaren kuwa ba wanda ya kalle shi da daraja, alhali dutsen da ke cikinsa wanda aka saya da tsada ne, kuma bai tsufa ba.

Amma a bambance. Abin da muke kira ɓaraguzai a garuruwanmu, mafi yawansa fasasshen bulo ne da filasta, wani lokaci har da jar ƙasa. Wannan ciko ne kawai, a zuba a ƙarƙashin daɓe a daddanne, ba ya shiga kwaɓi. Wanda ake nema shi ne na dakin (wato rufin kankare) da ginshiƙai da linta da kwalbati, inda in ka fasa za ka ga tsakuwa a ciki. Gwajin farko a hannu yake: ɗauki gutsure ka buga da guduma. In ya yi ƙara ya tsage har ta tsakiyar dutsen, tsohon kankaren mai kyau ne. In ya marmashe, duwatsun suka zubo ɗai-ɗai suka bar gari, an cuci mai ginin farko, kada ka gaji cutar. Saboda haka ɓaraguzan ginin da ya faɗi da kansa abin tuhuma ne, ba kamar wanda aka rushe da gangan ba.

Sai tsinta. A fitar da katako, leda, kwalta, tayil, da guntayen rodi. Wanda ya fi duka haɗari shi ne farin POP na silin, domin jifsam ne, in ya shiga kankare ya samu danshi yana kumbura shi. A fasa zuwa girman tsakuwar da aka saba, kamar milimita 20, a tankaɗe, a ware garin. Garin nan kada a yi kwaɗayin sa shi a madadin yashi, shi ya fi kowane ɓangare shan ruwa da ɗaukar datti.

Raunin wannan tsakuwa ɗaya ne: kowace ƙwaya tana sanye da tsohon siminti a jikinta, shi kuwa yana zuƙar ruwa kamar soso. Sabon dutse da wuya ya sha fiye da kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa, na ɓaraguzai yana shan 3 zuwa 8, har fiye. In aka zuba shi a bushe, zai ƙwace ruwan kwaɓin. Sai a jiƙa tsibin tun daren jiya, a bar shi ya tsane, a kwaɓa da shi yana da danshi ba ya ɗiga. Idan an yi haka, maye kashi 20 zuwa 30 na tsakuwa ba ya canza ƙarfin kankare yadda za a damu, ƙa'idar Ingila ma ta amince da kashi 20 a kankaren gini na yau da kullum. In aka maye duka, ƙarfi kan ragu da kashi 10 zuwa 25, kuma kankaren ya fi tsukewa in yana bushewa, wato ya fi saurin tsagewa. Wasu sukan ƙara siminti don su rufe giɓin, to ka ga an gudu ba a tsira ba, an rage dutse mai araha an ƙara abu mai tsada da hayaƙi.

Ribar ta danganta da inda kake. A Kano da Zariya da Jos da Bauchi da Abuja dutse na kusa, abin da za ka rage bai wuce kuɗin tifa da na kwashe shara ba. A Maiduguri ko Injamena, inda ƙasa shimfiɗe take babu dutse sai an yi doguwar tafiya, tsohon kankare dukiya ce.

Kwalba, taya da leda

Fasassun kwalabe suna da fuska biyu. In aka bar su gutsure-gutsure a madadin yashi ko tsakuwa, kaifin siminti yana cin gilashin a hankali, ya haifar da wani abu mai kumburi da ke tsattsaga kankare bayan shekaru. In aka niƙa su suka fi siminti laushi, sai su yi aiki irin na toka, har Amurka ta fitar musu da ƙa'ida a 2020. Niƙan yana cin lantarki, ƙurar tana cutar da huhu, kuma kwalbar da ba ta fashe ba tana da masu saye. Ban ga dalilin da ƙaramin mai gini zai bi ta nan ba. Taya kuwa a taƙaice: yankakkiyar roba tana zubar da ƙarfin kankare sosai, amfaninta a filin wasan yara ne da wuraren da ake son taushi.

Leda ce ta fi jan hankali a intanet, kuma a kanta aka fi rikita mutane, domin abu biyu ake haɗawa a suna ɗaya. Na farko a yayyanka roba a zuba cikin kwaɓin siminti. Wannan ba ya ƙara komai, siminti ba ya kama jikin roba, kowane gutsure rami ne a cikin kankaren, ƙarfi yana sauka gwargwadon yawan da aka sa. Binciken da Jami'ar Bath ta Ingila ta yi da wata kwalejin injiniya a Goa ta Indiya ya nuna ana iya maye kashi 10 na yashi da niƙaƙƙiyar gorar ruwa ba tare da babbar asara ba, amma lura, simintin bai ragu ko cokali ba. Gorar ma 'yan jari-bola suna sayenta da kuɗi.

Na biyu babu siminti sam. A narka leda, a juye yashi a ciki, kamar kashi ɗaya na leda da uku na yashi, a zuba a ma'auni a danne. Ledar ce manne. Haka kamfanin Nelplast ke yi a Gana, haka Nzambi Matee ke yi a Nairobi da kamfaninta Gjenge Makers, wadda hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama a 2020, kuma tsohon ɗan ƙwallon Kamaru Roger Milla ya jagoranci irin wannan aiki a ƙasarsa. Intalok ɗin da ke fitowa ba ya shan ruwa, ba ya buƙatar ban ruwa, yana da ƙarfin da ya ishi tsakar gida, harabar makaranta da hanyar ƙafa. Ga shi yana kwashe ledar da ke toshe mana kwatoci duk damina, wanda wannan kaɗai abin a yaba ne.

Iyakarsa zafi. Irin wannan leda tana narkewa a ɗan sama da digiri 100, tana fara laushi tun kafin nan, don haka ba a aza nauyin gini a kanta, ba a yin bangon ɗakin kwana ko na kicin da ita, kuma wurin da tirela ke kwana a zafin Afrilu ba wurinta ba ne. Sannan yadda ake narkawar. Masu injin da ke riƙe zafi daidai suna aiki cikin tsabta. Masu rabin duro a kan itace kuwa, yaran da ke juyawa su ke shaƙar baƙin hayaƙin, kuma in guntun bututun PVC ya faɗa ciki, guba ce tsagwaronta. Wanda zai sayi irin wannan intalok ya je ya ga inda ake yin sa.

To wanne za a ɗauka?

Ya danganta da wane ɓangaren gini ne, da kuma wane ne kai. Ciko a ƙarƙashin daɓe, ɓaraguzan bulo sun wadatar. Siririn kankaren da ake fara shimfiɗawa a ramin harsashi, daɓen tsakar gida, bakin kwata, dakalin ƙofar gida, harsashin katanga: tsakuwar tsohon kankare, ko da rabi ce ko fiye, in an tsince an jiƙa. Shimfiɗar waje inda ƙafa da babur da ƙaramar mota ke bi: intalok na leda da yashi, ko na siminti mai toka, duk wanda ya fi kusa da araha. Sokawe, tankin ruwa na ƙasa da wuraren da danshi da kanwa ke cin gini, nan tokar ɓuntu mai kyau ta fi nuna kanta, don toshe ƙofofin ruwa shi ne gwanintarta. Mai gidan bulo da ya riga yake miƙa buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima, shi kada ya kusanci toka, bulonsa ba shi da simintin da za a rage. Ƙa'idar NIS 87 tana neman ƙarfin 3.45 ga bulo mai ɗaukar nauyi, 2.5 ga wanda ba ya ɗauka, a ma'aunin injiniyoyi. Ya fara kai wannan tukuna.

Ginshiƙi, bim, dakin, matakala da linta mai faɗi kuwa, hukuncinsu daban. A ƙasar da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a 2021, makaranta ta faɗa kan ɗalibai a Jos a 2024, ba a gwajin ganin ido da abin da mutane za su kwana a ƙarƙashinsa. Leda da taya da gutsuren kwalba ba sa shiga nan ko kaɗan. Toka da tsakuwar ɓaraguzai suna iya shiga, amma da sa hannun injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, a cikin iyakar da aka ambata, kuma ɗaya bayan ɗaya, kada a haɗa sababbin abubuwa biyu a kwaɓin farko, don in ya gaza ba za a san mai laifi ba. In magini ya ce maka, "Alhaji, na sha yi, ba abin da ke faruwa," ka tambaye shi takardar gwaji.

Gwajin ba wuya gare shi ba, kuɗinsa kuma bai kai na tifar yashi ba. Wata biyu kafin ranar zubi, a yi kwaɓi biyu da yashi ɗaya, siminti ɗaya, ruwa awo ɗaya: ɗaya na gargajiya, ɗaya mai sharar. Daga kowanne a cika ma'aunan ƙarfe masu faɗin milimita 150, a soka da rodi iska ta fita, washegari a kwance a rubuta kwanan wata a jiki, a nutsa su a duron ruwa. A kai sashen injiniyan gine-gine na jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa, ko ɗakin gwaji na ma'aikatar ayyuka, a murƙushe uku-uku a kwana 7 da kwana 28. Mai toka a ajiye masa wasu uku zuwa kwana 56, domin a satin farko yakan kasance a baya, daga baya ya kamo. Kankaren ginshiƙi da dakin na gidan zama ana so ƙarfinsa ya kai 20 zuwa 25 a wancan ma'aunin na injiniyoyi a kwana 28, gwargwadon abin da injiniya ya rubuta a zane. In mai sharar ya kai, a zuba, da sharaɗin tokar ko tsakuwar da za a kawo ranar aiki daga tsibin da aka gwada ta fito. In an canza tsibi, a sake gwaji.